Kwalayen da ke ƙarƙashin gadon Hajiya

Wata ranar Alhamis bayan Isha'i ɗan yayata ya taso takanas daga Makka ya same ni a Jidda, kwamfuta a hammata. Na ɗauka ziyara ce, har na aika a sayo ful da tamis. Ashe jari ya zo nema. Ba a wurina ba, don ya san abin da ke aljihun ma'aikacin ofishin kago. So yake in raka shi gidan wani Alhaji da muke mutunci, dattijon da ya daɗe yana cinikin yadi da turare da 'yan Kantin Kwari a nan Bab Sharif, in sa baki.

Yaron haifaffen Makka ne. Mahaifinsa ɗan ƙasa ne, daga irin gidajen nan da kakanni suka tako a ƙafa ta Sudan don Hajji, suka zauna. Hausarsa rabi ta Shara Mansur ce, rabi ta uwarsa mutuniyar Fagge, kuma in magana ta yi zafi sai Larabci ya ƙwace. Ya karanta kwamfuta a jami'a, ya gama, ya ƙi neman aikin albashi. Abin da ke ransa manhaja ce ta abincin gida: mata masu girki a gidajensu su sa tuwo da masa da dambu da fura, mai so ya latsa waya, mota ta kai masa har ƙofa.

"Kawu, duba nan," ya ce, ya juyo mini kwamfutar. Shafi bayan shafi, launi mai kyau. Hayar ofis, masu rubuta manhaja biyu, motoci uku, talla a bakin 'yan Snapchat. Jimilla riyal 400,000. A shekara ta uku sun shiga Madina da Riyad da Dammam. Ya kawo mini misalin Salla, kamfanin buɗe shagunan intanet da aka kafa a Makka a 2016, ya kawo na Careem da Uber ta saya a kan dala biliyan 3.1 a 2019.

Na bari ya gama, sannan na tambaye shi: zuwa yau mutum nawa ne suka taɓa ba ka kuɗi don ka kai musu tuwo?

Ya ce, "Tukuna, Kawu. Ai manhajar ba ta fito ba."

Dariyar da na yi ta ɓata masa rai, amma ba shi nake yi wa ba. Kaina na gani a zaune, shekara 20 baya, da gashin baki sabon tofo da kuɗin fili a cikin leda.

Da yawa daga cikin waɗanda suka san ni a nan ba su san na yi shekara bakwai a harkar fim a Kano ba. Da jan waya da riƙe fitila na fara, na zama mai kontiniti, wato wanda ke rubuta irin hular da jarumi ya sa da hannun da ya riƙe kofi don kada a dawo gobe a ga ta canza, daga baya na zama mai kula da kuɗin lokeshan. Sana'a ce da aka fara ta da abin da ke hannu. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, ba banki ne ya ba da kuɗinsa ba, 'yan wasan daɓe ne suka samu kyamarar bidiyo suka ce bari mu gwada. Mu da muka zo bayansu haka muka gaji abin.

Daraktan da na fi daɗewa a ƙarƙashinsa yana da wata ɗabi'a da a lokacin nake ɗauka tsiya ce kawai. Ba ya taɓa zama rubuta labari sai ya kira mu ya ce kowa ya faɗi abin da zai iya arowa. Wannan ya ce kawunsa na da gida mai bene a Nasarawa, za a ba mu falo ranar Asabar. Wancan ya ce akwai Marsandi, amma wuni guda, kuma direban gidan ne zai tuƙa. Wani yana da abokin da ke da ɗakin shan magani. To a kan waɗannan ake ɗinka labari: attajiri mai bene da Marsandi, 'yarsa ta yi rashin lafiya. In babu asibiti a jerin, babu mai kwanciya ciwo a fim ɗin, sai dai a ce ya rasu a hanya. Ranar Marsandi kuwa, duk wata fitowa da ke da mota, ta farkon fim da ta ƙarshensa, a ranar ake ɗauka, jarumi ya yi ta sauya riga a bayan shago ina bin sa da littafina.

Sai da na zo Saudiyya, na samu intanet mai arha da dare mai tsawo, na gane cewa wannan tsiya tamu wasu sun mai da ita ilimi. Robert Rodriguez yana ɗan shekara 23 ya ɗauki El Mariachi a wani garin kan iyaka na Meziko mai suna Ciudad Acuña, da kuɗi kimanin dala 7,000. A canjin nan, da yake riyal 3.75 ne dala ɗaya, riyal 26,250 ke nan, bai kai kuɗin tsohuwar mota mai lafiya ba. Wani kaso na kuɗin ma ya samo shi ne ta hanyar ba da jikinsa a gwajin magani. Shi ma jerin abin da ke hannu ya fara yi: akwatin jita, kare, bas, gidan yari da aka yarda ya shiga, har da kunkurun da aka tsinta a hanya, duk ya cusa su cikin labarin. Kyamara aro, keken guragu ya zama abin tura kyamara, kusan kowace fitowa sau ɗaya ake ɗauka saboda fim ɗin ɗauka na da tsada. Abin da ya fi burge ni shi ne niyyarsa. Ba sinima ya nufa ba. Kasuwar kaset ta masu jin Sifaniyanci ya yi wa, wato Ƙofar Wambai tasu, irin kasuwar fina-finanmu ta Kano, da lissafin cewa in ya mayar da kuɗinsa zai sake yin wani, ya ƙara gogewa. Ya gina abin ne yadda in ya faɗi ba zai karye ba.

Na ce wa yaron: kai me ke hannunka? Ya yi shiru. Na fara ƙirga masa. Motar babanka da ke kwana a ƙofar gida daga La'asar. Uwarka, wadda ta san kowace mace mai iya masa daga Shara Sittin zuwa Rusaifa. Wayarka. Sijilin kasuwanci da kai za ka iya buɗewa da sunanka a ɗan lokaci, abin da ni mai igama, wato takardar zaman baƙo, ba ni da hurumin yi. (Shi ya sa ma ko sisina ba zai shiga ba. Dokar tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, hukuncinta na kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Baki kawai na sa.) Shi kansa Careem ɗin da kake kawowa, na ce, da ya fara a Dubai a 2012 shafin intanet ne da kamfanoni ke neman mota da direba ta cikinsa. Manhajar da kowa ya sani daga baya ta zo.

Amma abin da na fi son ya ji shi ne zancen tirela da kwali, don a nan ne ni na ƙone.

A zamaninmu furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake sayarwa. Ka gama fim, ka kai Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a Kano a 2001, ka buga kwalaye masu hoton jarumai, ka kai wa 'yan kasuwa tare da masta. Su ne za su kwafi fim ɗin a kaset ko faifai, su sa a kwalinka, su sayar. Yawan kwalin da ya fita shi ne kuɗinka. Ka ga ke nan wuƙa da nama suna hannun mai shago. Masu wayo cikin furodusoshi ba sa jira sai sun gama fim kafin su ji bakin kasuwa. Waƙa ɗaya za su ɗauka da 'yan fitowa biyu ko uku, a haɗa tirela, a maƙala ta a farkon fim ɗin wani da zai fita. Daga nan sai a zauna a saurara. In mata suka fara aiko yara shago suna tambayar yaushe fim kaza zai fito, mai shagon da kansa zai nemo ka, wani lokaci har da kafin alƙalami. In aka ji tsit, asararka kuɗin wuni biyu ne. Na san fina-finan da ba su taɓa wuce tirela ba, kuma masu su suna nan da rufin asirinsu.

Ni da na tashi yin nawa a 2004, da kuɗin filin gado da na sayar, sai na ga duk wannan ƙaranta ce. Na gaji da aron falo. Na kama otal, na kwashi mutane muka tafi Tiga ɗaukar waƙa, na ɗinka wa 'yan rawa kaya kala uku. Tirela sai da fim ya kammala na haɗa ta, don a ganina abu mai kyau shi ke sayar da kansa. Na buga kwali mai yawa saboda mai buga takarda ya ce in an yi da yawa ya fi sauƙi, kuma gaskiya ya faɗa, kowane ɗaya ya fi arha. Da na kai kasuwa, sai aka ce mini, "Ajiye, in an sayar ka zo." A makon da nawa ya fita wani fim mai manyan jarumai ya fita. Wata uku ina zarya, ana ba ni abin da bai wuce kuɗin acaɓa ba. Har yau kwali kusan 3,000 na nan a ɗaure cikin buhu a ƙarƙashin gadon Hajiyarmu. Fim ɗin ba shi da muni, wallahi, waɗanda suka gani sun yaba. Amma na kashe kuɗin gaba ɗaya kafin in tambayi ko mutum ɗaya, kuma ban bar ko taro na yin na biyu ba. Shekara biyu bayan nan na zo Umra, daga baya na dawo da bizar aiki.

Ƙofar Wambai ɗin da na ɗauka ba ta mutuwa ita ma ta zo ta kwanta, lokacin da 'yan dawunlodin suka fara tura wa mutane fim a waya da kuɗin goro. Waɗanda suka rayu su ne suka bi mai kallo inda ya koma: tashar Arewa24 da ta fara a 2014, da YouTube, inda ake sakin fim mai dogon zango kashi-kashi, a duba yawan masu kallo da abin da suke rubutawa kafin a ɗauki na gaba. Tirelar nan ce dai ta dawo da wata riga. A nan Saudiyya ma haka aka yi. Shekara 35 babu gidan sinima sai a Afrilun 2018 aka sake buɗewa a Riyad, amma samarin Telfaz11 tun 2011 suke sakin gajerun barkwanci a YouTube. Kafin a gina allon farko sun riga sun san abin da ke sa ɗan Saudiyya dariya, don sun gwada sau ɗaruruwa da kuɗi kaɗan. Da suka fitar da Sattar a ƙarshen 2022, ya zama fim ɗin gida da ya fi kowanne ciniki a lokacin.

Ranar Asabar muka je gidan Alhaji. Aka kawo shayi da dabino, yaron ya yi bayaninsa, wannan karon da ɗan sanyin jiki. Alhaji ya saurara yana jan carbi. Irin mutanen nan ne da hanya biyu kawai suka sani da kuɗi: ko su ba ka duka saboda kunyar iyayenka, ko su ce Allah ya sa albarka su raka ka ƙofa. Sai ya ce, "To ɗana, in na ba ka, nawa za ka riƙa kawo mini duk wata?"

Na ce, Alhaji, a gafarce ni in sa baki. Na ba shi labarin wani furodusa a Amurka, Jason Blum, mai kamfanin Blumhouse. Tashinsa ya faro ne daga Paranormal Activity, fim ɗin tsoro da wani mai suna Oren Peli ya ɗauka a cikin gidansa cikin kusan mako guda da dala 15,000, ya zo ya tara sama da dala miliyan 190 a duniya. Ko shi ba a watsa shi lokaci ɗaya ba. A 2009 an fara nuna shi da tsakar dare a wasu 'yan garuruwan jami'a, aka ce duk garin da ke so mutanensa su nema ta intanet, sai da neman ya yi yawa aka sake shi ko'ina. Daga nan Blum ya kafa ƙa'ida. A wancan lokacin sabon labari ba a kashe masa abin da ya wuce kimanin dala miliyan 5, wanda a wurinsu kuɗin cefane ne. Darakta da jarumai suna karɓar mafi ƙarancin lada, amma suna da kaso in an ci riba. A madadin haka ana sakar wa darakta mara ya yi fim ɗinsa yadda ya ga dama. Kuma ba a yi wa kowa alkawarin sinima: sai an gama an kalla, wanda ya yi ƙarfi a kashe masa kuɗin talla, wanda bai yi ba a tura shi kasuwar kallon gida a tsira da abin da aka tsira. A 2015 sun yi wani da aka janye daga sinima bayan mako biyu don babu masu shiga, kamfanin bai girgiza ba. A 2017 suka fitar da Get Out da dala miliyan 4.5, ya kawo kimanin miliyan 255.

Sannan na ba shi kishiyar labarin. Quibi, manhajar gajerun fina-finai ta waya, wadda Jeffrey Katzenberg da Meg Whitman suka jagoranta, mutanen da babu wanda zai ce ba su san aiki ba. Sun tara dala biliyan 1.75 kafin mutum ɗaya ya biya kuɗin kallo. Suka buɗe a Afrilun 2020, a Oktoban shekarar suka sanar da rufewa. Kuɗin nan zai yi fim irin Get Out sama da 380. Nawa ne fim ɗin filin gado, nasu kuma na biliyoyi, amma ciwon ɗaya ne.

Alhaji ya ajiye carbi ya ce, "Kai, duk wannan dogon Turanci, ai ƙiradi kake faɗa mini."

Kuma gaskiyarsa. Na yi ta yawo har Amurka in ɗauko abin da ke cikin littafin da muka karanta a zaure. A ƙiradi mai dukiya ya ba da kuɗi, mai aiki ya ba da ƙarfinsa, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi. Ba a yanka wa mai dukiya wani adadi tsayayye duk wata. In aka yi asara ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, ta dukiya tana kan mai dukiya, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Kuma mai dukiya ba ya gindaya sharaɗin sai ya sa hannu a cikin aikin. Abin da na ƙara masa ɗaya ne: tunda asarar a wuyanka take, Alhaji, kada ka ba da abin da zai hana ka barci. Riyal 400,000 ɗin nan, in har ka yi niyyar fitar da su, ka raba su. Yara nawa ne a Karantina da Hindawiyya da ke da irin wannan ƙwaƙwalwa ba su da mai ba su ko dubu goma? Ka ba mutum goma kaɗan-kaɗan su yi tirela, ka ajiye mafi yawan kuɗin don wanda kasuwa ta amsa masa. Da yawansu za su faɗi, ka sa wannan a ranka tun yau, kada ka zo kana fushi da iyayensu a masallaci.

A nan zan tsaya in rage wa kaina zaƙi, don na san masu karanta ni akwai 'yan fim, kuma za su ce na ɓoye rabin zance. Labarin dala 7,000 yana da daɗi, amma kamfanin Columbia da ya sayi El Mariachi sai da ya kashe ninkin-ba-ninkin wannan kuɗin wajen gyaran hoto da sauti da talla kafin ya shiga sinima a 1993. Arha tana kai ka bakin ƙofa ne kawai, shiga ciki da kuɗi ake yi. Kuma duk fim ɗaya mai arha da ya yi suna, akwai tulin irinsa da ko dangin mai shi ba su kalla ba. Ba a ba da labarinsu saboda babu daɗi, nawa ma yau ne na fara faɗarsa a fili.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Arhar fim ɗinmu a wuyan wasu take. Yaron da ke riƙe fitila tun safe har ƙarfe biyun dare a sallame shi da kuɗin mota, mai kwalliya da aka ce "za a gani" ba a gani ba har yau. Ni na riƙe jakar kuɗi, na san sau nawa na ce wa mutum ya yi haƙuri alhali na san babu ranar biya. Tsarin Blum yana tafiya ne saboda kason da aka yi alkawari a rubuce yake kuma ana biya. In ka cire wannan, abin da ya rage cin gumin mutane ne da sunan tattali. Na faɗa wa ɗan yayata a gaban Alhaji: matan da za su yi maka girki, kuɗinsu a hannu ranar da suka yi, kada ka ce musu mu yi haƙuri tare sai kamfani ya girma, alhali kamfanin da sunanka kaɗai yake.

Sannan fim yana ƙarewa. Ka ɗauka kwana goma, ka tace, ka saki, kowa ya kama gabansa. Abinci kuwa kullum ne, ranar da miya ta yi tsami sau ɗaya an gama da kai a unguwar. Akwai kuma sana'ar da ba ta karɓar tirela ko kaɗan, ba a gina rabin ɗakin sanyi, ba a gwada magani a kan mutane don a ji bakin kasuwa. Ko a abincin ma akwai abin da ba a yi masa arha, wato tsafta da takardun baladiyya, hukumar gari. Shi ya sa muka ce sai matan da ke da rajistar masu sana'ar gida, abin da ake kira usar muntija a nan.

Alhaji ya ba da riyal 25,000, aka rubuta, ni da wani maƙwabcinsa muka sa hannu a matsayin shaidu. Na lura kuɗin ya yi kusa da na Rodriguez, ban dai faɗa ba kada a ce na cika surutu. Sharaɗi: wata biyu, Makka kaɗai, babu ofis, babu manhaja. Lambar WhatsApp ɗaya, mata uku masu girki, motar babansa.

Makon farko ya kira ni murya a dushe. Tuwo ba ya tafiya. Gidajen Hausawa, waɗanda ya gina duk lissafinsa a kansu, ba sa sayen tuwo, don kowane gida akwai mai tuƙawa, kuma wace uwar gida ce za ta yarda a ga mota ta kawo wa mijinta miyar kuka daga wani gida? 'Yan kaɗan da suka saya, gwauraye ma'aikata da ɗalibai, sun yi ƙorafin kafin ya iso ya huce, miya ta zube a leda. Abin da bai sa a kwamfutarsa ba shi ya fara motsi. Daren Alhamis da Juma'a mutane na kama istiraha, wato gidan hutu na haya, su taru da dangi, sai aka fara tambayarsa ko ana samun tsire, wanda mutanen Hijaz suka ara har da sunan suna ce masa siriya, da masa a babban faranti. Kuma tun ana gobe suke faɗa. Da yawansu ma ba Hausawa ba ne. Wato ciniki ne na kwana biyu a mako, an san adadi tun kafin a hura wuta, mota ɗaya ta isa. Motoci ukun nan da ya so saya da sun yi ta kwana a rana daga Asabar zuwa Laraba.

Da na ba yayata labari a waya, sai ta ce, "Yo wannan ai da ya tambaye ni da na faɗa masa kyauta. Amma ku maza sai an kawo muku misali da Bature." Na ce Yaya, a yi haƙuri.

Ban san inda abin zai tsaya ba, wata biyun ba su cika ba tukuna. Ribar da ake samu ba ta taka kara ta karya ba, kuma tsire aikin maza ne, ya sa dole ya nemo wani mai tukuba su yi yarjejeniya, abin da ba ya cikin shiri. Alhaji, wanda ya karanta mana hukuncin ƙiradi da bakinsa, kullum bayan Asuba sai ya buga wa yaron waya ya ji faranti nawa aka yi jiya, har ya fara ba da shawarar a ƙara yaji. Shi kuma yaron bai haƙura da manhajarsa ba. Makon jiya ya turo mini sabon zane, yanzu ta koma ta masu taro a istiraha, kuɗin ya sauko zuwa riyal 90,000. Na ce ya bari a ga bayan Ramadan.

A ƙarshen wayar ya ce, "Kawu, don Allah in wani zai taho daga Kano a riƙo mini fim ɗin nan naka, ina so in gani." Na kira ƙanena ya duba buhun. Ya ce gara ta cinye na ƙasa, na sama suna nan da kyallinsu, hoton jarumar ko ƙura bai yi ba. Amma kwali ne zalla, babu faifai a ciki, mastar kuma tana wurin wani mai shago da ya daɗe da komawa sayar da cajar waya. Na ce ya zaro guda biyu ya ba wani alhajinmu da zai zo Umra, sauran ya mayar inda ya gan su kafin Hajiya ta dawo daga unguwa.